Tambaya da Amsa: Matar da Ke Zana Mutanen da Ba a Taɓa Haifa Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane a Zariya, ina aji uku, kuma fannin fentin mai na zaɓa. Kwanakin baya na ci karo da zane-zanen wata mata mai suna Lynette Yiadom-Boakye a intanet. Na ga an rubuta cewa mutanen da take zanawa babu su a duniya, daga kanta take fito da su, kuma wai a yini ɗaya take gama zane, amma ana sayensa da miliyoyi. Mu kuwa a nan sai mu shafe makonni a gaban mutum ɗaya ana ce mana hanci bai zauna ba. Masu ba ni aiki a gari su ma hoto suke turo mini ta waya, su ce in fito musu da shi sak. Don Allah wace ce wannan matar, yaya aka yi ta kai inda ta kai, kuma shin ɓata lokaci muke yi da koyon kamanni?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika karanta gaskiya ne, sai dai ƙarshen labarin aka ba ki, aka bar farkonsa. Tambayarki ta ƙarshe kuwa zan amsa ta tun yanzu don hankalinki ya kwanta: ba ɓata lokaci kuke yi ba. Irin wannan horon na zama a gaban mutum har hanci ya zauna, shi ne jarin da matar nan take ci har yau.

An haifi Lynette Yiadom-Boakye a Landan a 1977. Iyayenta 'yan Gana ne da suka je Ingila suka yi aikin jinya, a Landan ɗin kuma ta tashi. Ta fara karatun zane a kwalejin Central Saint Martins, zaman bai yi mata daɗi ba, sai ta koma Falmouth, wani ƙaramin gari a bakin teku can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, inda ta kammala digirin farko a 2000. Daga nan ta shiga makarantar Royal Academy da ke Landan, ta yi shekara uku, ta fito a 2003. Wannan makaranta tun 1769 take, ba a biyan kuɗin karatu a cikinta, ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara, kuma tun kafuwarta an san ta da zaunar da ɗalibi a gaban mutum mai rai ya zana shi. In kika haɗa lissafi, wajen shekara bakwai ke nan tana makarantar zane kafin kowa ya san sunanta.

Ki kuma lura da zamanin da ta yi wannan karatu. A Landan ta shekarun 1990, duk wanda ya ce zai ɗauki buroshi ya zana mutum da fentin mai, kallon wanda zamani ya bari a baya ake yi masa. Waɗanda ake yayi a lokacin su ne irin su Damien Hirst, wanda a 1991 ya sa gawar kifin shak cikin akwatin gilashi cike da ruwan maganin hana ruɓewa, da Tracey Emin, wadda ta baje gadonta a gaban jama'a yadda ta tashi ta bar shi. Masu sharhi da yawa suna cewa zanen fenti ya gama zamaninsa. Akwai tsofaffin hannu irin su Lucian Freud da ba su saki buroshi ba, kuma Chris Ofili, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci kyautar Turner, babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, a 1998 da zane. Duk da haka, matashiyar da ta nace sai ta zana mutane a zaune da a tsaye da fentin mai, ba hanyar kuɗi ta ɗauka ba a idon kowa. Bayan ta gama makaranta sai da ta yi ayyukan neman abinci, har da gwajin wayoyin hannu a wani kamfani, tana zane da ɗan lokacin da ya rage mata. Sai a 2006, da ta samu tallafin gidauniyar Arts Foundation, ta iya ajiye sauran ayyuka ta fuskanci zane kaɗai. A lokacin tana dab da shekara 30.

Cikin waɗanda suka fara gane abin da take yi har da wani ɗan ƙasarmu, marigayi Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara baje kolin fasaha a duniya. Ya sa aikinta a babban baje kolin da ya tsara a birnin Seville na Sifaniya a 2006, ya sake ɗaukar ta a na Gwangju da ke Koriya ta Kudu a 2008. A wannan sana'a irin wannan ido yana da nauyi ƙwarai, domin gidajen adana zane-zane suna bin sawun mutum irinsa. A 2010 gidan Studio Museum da ke unguwar Harlem a Niyok ya shirya mata baje koli ita kaɗai, daga nan ƙofofi suka fara buɗewa.

To yanzu ga maganar mutanen da babu su. Gaskiya ne ba ta zaunar da kowa a gabanta, kuma ba ta ɗauko hoton wani ta kwafa. Amma kada ki ɗauka rufe ido take yi mutum ya faɗo mata daga sama. Tana tara hotunan da ta yanko daga mujallu da jaridu da tsofaffin hotuna, tana manna su a kundi, tana yin ƙananan zane-zane da fensir da gawayi, tana kuma kallon mutane a titi da cikin jirgin ƙasa kamar yadda kowane mai zane na gaske yake yi. Daga wannan hoton ta ga yadda wani ya jingina kafaɗa, daga wancan ta ga yadda haske ya sauka a goshi, daga aikin wani tsohon gwani ta ga yadda ya ajiye hannu a kan gwiwa. Idan ta tsaya gaban kyalle, duk waɗannan sun riga sun narke sun zama abu ɗaya, sai mutum ya fito wanda bai yi kama da kowa ba amma kowa yana jin kamar ya taɓa ganinsa. Ita da kanta ta ce ta yi zanen mutane masu rai lokacin tana ɗaliba, sai ta gane cewa bin kamannin wani yana janye hankalinta daga abin da ya fi damunta, wato shi kansa fentin: launi, haske, da yadda buroshi yake tafiya.

Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe. Idan wani Alhaji ya turo miki hotonsa, matsalar da ke gabanki ita ce fuskarsa. Ko kin ga cewa inuwa kore ce za ta fi dacewa a ƙarƙashin haɓarsa, ko kin ga cewa in kin karkatar da kansa kaɗan zanen zai fi tsayuwa, ba ki da iko, domin 'ya'yansa za su ce wannan ba Baba ba ne. Ita kuwa ta cire wa kanta wannan takunkumi. In launin bango ya bukaci wuyan mutumin ya ƙara tsawo, sai ta ƙara. In jan riga ya bukaci fuska ta ƙara duhu, sai ta ƙara. Babu mai zuwa ya yi ƙorafi. Amma wuyan nan da ta ƙara wa tsawo dole ya zauna a kan kafaɗa yadda wuya yake zama, dole nauyin jiki ya sauka a kan ƙafar da ta dace, dole mai kallo ya yarda akwai ƙashi a ƙarƙashin rigar. Wanda bai zana ɗaruruwan mutane masu rai ba, in ya ce zai ƙirƙiro mutum daga kansa, abin da ke fitowa shi ne fuska ɗaya da yake maimaitawa, ido biyu iri ɗaya, hannu a ɓoye a bayan riga domin bai san yadda zai yi da yatsu ba. Na sha ganin wannan a wurin ɗalibai masu hazaƙa, kuma yana ba ni takaici, domin hazaƙar tana nan, ajiyar ce babu.

Ki nemo wani zanenta na 2010 mai suna Any Number of Preoccupations, ki ƙara masa girma a waya, ki zauna da shi. Wani mutum ne a zaune cikin doguwar jar riga irin ta shan iska a gida, da fararen silifa a ƙafa, bayansa duhu. Duk wanda ya san tarihin zane zai tuna da likitan nan Pozzi da John Singer Sargent ya zana a 1881, shi ma cikin jar riga har ƙasa. Sai dai na Sargent sanannen likita ne a birnin Faris, an san gidansa da tarihinsa, nata kuwa ba shi da suna ba shi da gari. Ki duba rigar da kyau. Ba ta bi kowace lanƙwasa ta yi mata kwalliya ba, shafi ne masu faɗi, ana ganin sawun gashin buroshi, wani wurin jan ya yi kauri wani wurin ya yi sirara har kyallen yana leƙowa. Fararen silifan nan su ne suke riƙe ƙasan zanen, su ja idonki ƙasa, sannan farin ido ya mayar da shi sama. Ki rufe silifan da yatsa ki ga yadda zanen zai yi sanyi nan take. Wannan lissafi ne na wanda ya san abin da yake yi.

Sannan ki nemo Citrine by the Ounce na 2014. Kan wani mutum ne kawai da kafaɗunsa, ya sunkuyar da ido, bayansa rawaya mai ƙarfi kamar ta ƙone. A nan za ki koyi darasin da na fi so ɗalibanmu su koya, wato yadda ake zana baƙar fata. Yawancinku da kun zo fuska sai ku matso baƙin fenti da ruwan ƙasa, in kuna neman haske ku ƙara fari, sai fuskar ta fito toka-toka kamar an shafa mata alli. Fatarmu ba haka take karɓar haske ba. Tana ɗaukar launin abin da ke kewaye da ita: goshi da karan hanci suna ɗaukar shuɗin sama, ƙarƙashin haɓa yana ɗaukar launin riga, kumatu suna da ja a ɓoye. Ki kalli fuskar mutumin nan za ki ga duhun ba launi ɗaya ba ne, akwai ɗumi a wani gefe, akwai sanyi a wani, rawayar bangon kuma ita ce take sa duhun ya yi zurfi. Ki gwada ajiye baƙin fenti gefe na wata ɗaya, ki riƙa haɗa duhunki da amba mai duhu, wato wani fenti mai launin ruwan ƙasa, da shuɗin altramarin. In kina son ɗumi ki rinjayar da amba, in kina son sanyi ki rinjayar da shuɗi. Za ki ga bambanci tun a zane na biyu.

Akwai wasu abubuwa da take yi da gangan don kada a ɗaure mutanenta da wani zamani ko wani wuri. Tufafinsu ba su da tambarin kamfani ko yayin wata shekara. Da yawansu ba takalmi, domin takalmi yana saurin tona zamanin da aka yi shi. Ba waya a hannu, ba mota, ba allon shago. Abin da suke yi ma ba wani abin a zo a gani ba ne: wani yana karatu, wasu suna rawa, wani ya kishingiɗa, wani tsuntsu ya sauka a hannunsa, 'yan mata biyu a bakin teku sun sunkuya suna kallon wani abu a tsakanin duwatsu. Sunayen da take ba zane-zanen su ma ba sa bayyana komai, domin ita marubuciya ce, tana rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, kuma ta ce sunan zane a wurinta kamar ƙarin shafin buroshi ɗaya ne. Ta kuma ce tana rubuta abin da ba za ta iya zanawa ba, tana zana abin da ba za ta iya rubutawa ba.

Kusan duk mutanenta baƙar fata ne, kuma 'yan jarida sun dame ta da tambaya a kan haka. Amsarta a taƙaice ita ce, ita ba farar fata ba ce, cikin baƙaƙe ta tashi, to wa ake so ta zana? Ba ta musanta cewa abin yana da nauyi ba. Gidajen adana zane-zane na Turai cike suke da hotunan sarakuna da attajirai, in kuwa baƙin mutum ya bayyana a tsofaffin zane-zanen, galibi bawa ne ko bara a gefe riƙe da tire ko linzamin doki. Saboda haka ganin baƙin mutum a tsakiyar babban kyalle, yana hutawa, ba ya yi wa kowa hidima, ba ya kuka, ba ya roƙon a tausaya masa, abu ne babba. Ni a ganina ƙarfin aikinta yana cikin wannan natsuwar. Ba ta sa mutanenta su yi wa kowa bayanin kansu.

Mu zo ga maganar yini ɗaya, inda na ga ta fi tsaya miki a rai. Dalilin yana cikin halin fentin mai. Fentin ruwa da akirilik suna bushewa ne idan ruwan cikinsu ya tashi, shi ya sa cikin mintuna sun kama. Fentin mai kuwa garin launi ne da aka kwaɓa da mai, galibi man linsid da ake tatsa daga irin wani tsiro, kuma man ba tashi yake yi ba, iska yake sha a hankali har ya daskare. Samansa yakan ɗauki kwanaki kafin a taɓa, wasu launuka irin su amba suna saurin kamawa, wasu suna jan lokaci, cikinsa kuwa sai ya yi wata shida zuwa shekara bai gama ƙarfi ba. Daga wannan hali hanyoyi biyu suka fito. Ta farko ita ce ta tsofaffin gwanaye irin su Jan van Eyck a ƙarni na 15: a yi shafi, a jira ya bushe, a ɗora wani siriri a kai, a sake jira, har haske ya riƙa ratsa shafukan yana dawowa. A nan ne ƙa'idar da aka koya muku take aiki, cewa shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai, in ba haka ba zanen ya tsattsage. Hanya ta biyu ita ce ɗanye a kan ɗanye, wadda ake kira alla prima: a ɗora launi a kan launi tun bai kama ba, su haɗu a kan kyallen, gefen fuska ya narke cikin bango. Frans Hals ya yi fice a irin wannan sakin hannu, Manet da Sargent suka biyo baya, kuma ita da kanta tana ambaton Manet da Degas da Walter Sickert cikin waɗanda ta koya daga kallon aikinsu.

Mai bin hanya ta biyu yana tsere ne da fenti. Kin ga masu yi wa bangon soro ado a cikin birnin Zariya: tun yaɓen yana ɗanye suke fitar da zanen, in ya sha iska ba ya ƙara karɓar hannu. Haka fentin mai yake bayan kwana ɗaya ko biyu, ya yi danƙo, buroshi yana ja, sabon launi yana zama a sama maimakon ya shiga cikin na ƙasa. Shi ya sa ta daɗe tana cewa komawa kan zane washegari ba ya gyara shi. Ba gaggawa ba ce, kuma ba gasa ba ce. Abin da ba a faɗa miki ba shi ne, zanen da bai yi ba a wannan yinin ba ta lallaɓa shi, watsar da shi take yi ta ɗauko sabon kyalle. Waɗanda kike gani a intanet su ne waɗanda suka tsira. Kafin yinin kuma akwai kwanakin tunani da ƙananan zane-zane, bayansa akwai kwanakin da za ta bar shi a bango tana kallo kafin ta yarda ya fita. A shekarun baya-bayan nan ma ta sassauta wannan ƙa'ida, wasu ayyukan suna ɗaukar ta fiye da yini.

Don kada ki ɗauka hanyarta ce kaɗai hanya: marigayi Lucian Freud a zamaninsa yakan zaunar da mutum ɗaya watanni, wani lokaci fiye da shekara, yana ɗora fenti har ya yi tudu. Kehinde Wiley, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yakan tsayar da matasa a titi ya ɗauke su hoto ya zana su daga hoton, kuma shi ya zana Barack Obama a zanen da aka buɗe a 2018. Amoako Boafo na Gana da yatsunsa yake shafa fentin fuska. A makarantarku ma, marigayi Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, ya shahara da dogayen mata cikin shuɗi waɗanda ba hoton wata takamaimiyar mace ba ne, kuma shi an san shi da daɗewa a kan zane ɗaya. Kin ga ke nan fito da mutum daga kai ba baƙon abu ba ne a gidanku, tsawon lokaci kuma ba shi ne ma'aunin kyau ba.

Sauran tarihin nata ya tafi da sauri. A 2012 ta ci kyautar Future Generation ta gidauniyar Pinchuk da ke Yukren, mai dala 100,000. A 2013 ta shiga cikin mutum huɗu da aka zaɓa don kyautar Turner, wadda Laure Prouvost ta ci a shekarar. Gidan Serpentine na Landan ya baje aikinta a 2015, New Museum na Niyok a 2017, ta kuma ci kyautar Carnegie a Amurka a 2018. A 2019 ƙasar Gana ta buɗe rumfarta karo na farko a babban baje kolin birnin Benis na Italiya, aka sa ta tare da El Anatsui, wanda ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, da Ibrahim Mahama ɗan Tamale, da wasu uku. Enwezor yana cikin masu ba da shawara a wannan aiki, amma ya rasu a watan Maris na shekarar, kafin a buɗe. A Disamba 2020 gidan adana zane-zane na Tate Britain da ke Landan ya tara zane-zanenta kimanin 70 tun daga na 2003, sai annobar korona ta sa aka rufe bayan 'yan kwanaki. Bayan baje kolin ya zaga Suwidin da Jamus da Luksambag, Tate ta dawo da shi a ƙarshen 2022 don waɗanda ba su samu gani ba, abin da ba kasafai ake yi wa mai zane ba.

Maganar miliyoyi kuma tana bukatar gyara, domin tana ruɗar matasa. A Nuwamba 2017 an sayar da zanenta The Hours Behind You a gwanjon Sotheby's da ke Niyok a kan dala miliyan 1.5 da ɗoriya, ninkin abin da aka yi hasashe sau da yawa. Amma wannan kuɗi ba aljihunta ya shiga ba. Wanda ya sayi zanen tun yana da araha shi ne ya kai shi gwanjo, shi ya kwashi ribar, kamfanin gwanjo ya cire nasa. A Birtaniya akwai dokar da ke ba mai zane ɗan kaso idan an sake sayar da aikinsa, amma kason bai wuce fam 12,500 komai tsadar zanen, a Niyok kuwa babu irin wannan doka. Abin da mai zane yake samu na gaske yana zuwa ne daga sayarwar farko ta hannun galarin da ke wakiltarsa, wato gidan da ke baje aikinsa ya sayar, su kuma galibi rabi suke ɗauka. Ita galari biyu ta daɗe tana aiki da su, Corvi-Mora a Landan da Jack Shainman a Niyok. Tashin farashi a gwanjo ma yana da haɗari ga matashi, domin 'yan kasuwa suna iya rububin aikinsa shekara biyu, su watsar da shi a ta uku. Abin da ya kare ta shi ne gidajen adana zane-zane sun riga sun sayi aikinta sun ajiye, kuma ta shafe fiye da shekara goma tana aiki kafin guguwar kuɗin ta iso.

Game da masu turo miki hoto ta waya, kada ki raina wannan aiki, kuma kada ki bar shi. Shi zai saya miki fenti da kyalle da tina, wato ruwan sirka fenti, kuma kowace fuska da kika fitar sak tana shiga ajiyarki. Sai dai ki san hoton waya yana da ha'inci: yana baje fuska, yana ƙara girman hanci in an ɗauka kusa, yana cinye launukan da ke cikin inuwa ya mayar da su baƙi. In da hali ki roƙi mai aikin ya zauna miki ko na rabin sa'a ne kusa da taga, ki yi ɗan ƙaramin gwajin launi, sannan ki ƙarasa da hoton.

Ga kuma abin da nake so ki fara daga wannan makon. Ki riƙe ƙaramin littafin zane a jaka, ki riƙa zana mutane a tasha, a kasuwar Sabon Gari, a ɗakin karatu, minti biyu-biyu, ba tare da neman kamanni ba, ki nemi yadda nauyin jiki ya zauna kawai. Ki fi ba hannaye da ƙafafu lokaci, domin su ne kowa yake gudu. Sannan rana ɗaya a mako ki rufe littafin, ki kashe waya, ki ɗauki kyalle madaidaici da launuka huɗu ko biyar, ki fara da safe ki fito da mutum daga kanki, ki ajiye buroshi kafin magariba ko ya yi ko bai yi ba. Duk inda kika maƙale, a kunne ne ko a gwiwar hannu, ki rubuta shi a bayan littafin, shi ne abin da za ki je ki kalla a jikin mutane a mako mai zuwa. In bai yi ba ki kankare fentin da wuƙar haɗa launi tun yana ɗanye, ki goge da tsumma da tina, kyallen zai sake yi miki aiki. In kuwa ya yi, tunda hunturu na tafe, ki jingina shi fuskarsa na kallon bango da ɗan tazara, ki rufe taga, domin ƙurar da ta hau ɗanyen fentin mai ba ta sake fita.